Ƙwayar da Goggo Hauwa Ta Kasa Ci Ita Kaɗai

Shekara huɗu ke nan cif da rasuwar Goggo Hauwa, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara biyar bayan Allah Ya ɗauki mahaifiyata. A irin wannan lokaci na yankan riɗi ta rasu, a ɗakinta da ke unguwarmu a Gadarif ta ƙasar Sudan, ɗakin da nake zaune a ciki yanzu ina wannan rubutu. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in rasa ta inda zan fara. Bana an nuna mini, kuma ba da daɗi aka nuna mini ba. Kwana goma sha biyu da suka wuce hannuna na dama ya ƙulle, irin ƙullewar da nata ya taɓa yi. Har yanzu in na rubuta layi biyu sai na ajiye biro na buɗe yatsuna na rufe, in tabbatar suna jin maganata. Masu karatu ku yi mini haƙuri in kun ga ina dariya a inda bai kamata ba. Tsoro nake ji, ita kuwa Goggo ba a iya ba da labarinta ba tare da dariya ba.

Shekara talatin ta yi tana hawa lori zuwa manyan gonakin wajen Doka da Fashaga. Da safe ta toya wa leburori kisra, wainar dawar nan mai faɗi marar kauri, da rana ta ɗaura zane ta shiga yankan riɗi tare da su. Tana da maƙoƙo tun tana budurwa, kuma bai taɓa damunta ba, sai dai ta ja tob ɗinta, wato lafaya, ta rufe wuya in ta ga baƙon ido. Sai da ya fara danne mata numfashi in ta kwanta, sannan mahaifina ya matsa aka kai ta asibiti aka cire shi. Lokacin ina ajin farko na sanawi, wato sakandare, kuma ni ce kaɗai a gidan da ke iya karanta takardar asibiti ba tare da an juya ta sau uku ba. Tun daga ranar ta sa mini suna Daktora. Ba don girmamawa ba ne, kada wani ya yi zaton haka.

Ranar da za a sallame ta likita ya zaunar da mu ya yi bayani a tsanake. Ya ce a bayan ƙululun maƙoƙo akwai wasu 'yan ƙululu guda huɗu, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba, da Larabci ana kiransu maƙwabtan ƙululun wuya. Aikinsu ɗaya ne, su lura da kalsiyum, sinadarin nan da ke gina ƙashi, kada ya yi ƙasa a cikin jini. In ya yi ƙasa su ne ke aika saƙo ga ƙashi da hanji da ƙoda a ƙaro. Ya ce nata sun ji rauni wajen aikin, kuma ga alama ba za su tashi ba. Saboda haka duk ranar duniya sai ta tauna ƙwayar kalsiyum sau uku bayan abinci, da wata 'yar ƙarama ta bitamin D da ke taimaka wa hanji ya karɓa. In ta bari, jijiyoyi za su fara ƙullewa, har abin yakan kai ga maƙogwaro.

Goggo ta saurara har ya gama, ta shafa bandejin wuyanta, ta ce, "Maƙwabta huɗu a wuyana shekara sittin, ko gaisuwa ba su taɓa yi mini ba, sai ranar tashinsu zan ji labari?"

Ƙwayar fara ce, faɗinta kamar maɓallin jallabiya, ana taunawa, tana da zaƙi da ƙamshin lemo. Wanda ya ƙirƙiro ta ya yi tunanin mara lafiya, amma bai yi tunanin unguwarmu ba. A gidajenmu ba a kai abu baki a gaban mutum ba a ce masa bismillah ba. Maƙwabtanmu Larabawa sukan ce itfaddal. Mu da muka zauna a tsakani mun haɗa biyun, muna faɗin duka. Kuma bismillar Goggo ba ta fatar baki ba ce. In ka ce ka ƙoshi sai ta haɗa ka da Allah, in ka sake cewa ka ƙoshi sai ta tambaye ka abin da ta yi maka. Na sha ganin ta raba ƙwan kaza guda ɗaya gida huɗu.

To, lokacin shan ƙwayar hantsi shi ne lokacin da matan unguwa ke taruwa a ɗakinta shan jabana, gahawarmu mai citta. Ni ina makaranta, sai daga baya aka ba ni labari. Ranar farko ta buɗe gwangwani, ta ɗauki ɗaya, hannu ya kai rabin hanya, ta ɗaga ido ta ga mata shida suna kallonta. Hannun ya tsaya. Ta ce bismillah, ta miƙa gwangwanin. Aminiyarta Hajja Batul, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, ita ta fara ɗauka. Ta tauna ta lumshe ido ta ce wannan ai alewa ce, asibiti ma sun fara hankali. Washegari ta shigo ba sanda, tana shelar cewa ciwon gwiwarta na shekara bakwai ya tafi. Kafin mako ya zagayo, mata daga layi na uku suna zuwa duba jikin Hauwa daidai hantsi, ba minti ɗaya kafin haka, ba minti ɗaya bayan haka.

Maganin wata guda ya ƙare a kwana tara. Kunya ta hana Goggo faɗa. Ta san nakan girgiza gwangwanin in na dawo daga makaranta, sai ta zuba farin wake a ciki. Ina girgizawa ina jin ƙara, ina yabon kaina a zuci cewa ina kula da mara lafiya yadda ya kamata.

Bayan 'yan kwanaki ta fara cewa tururuwa na yawo a leɓenta. Muka duba ba tururuwa. Ranar Juma'a da hantsi, ina gida, tana cikin zuba jabana sai hannunta ya ƙulle. Yatsun huɗu suka miƙe suka haɗu, babban yatsa ya shige tsakiya, wuyan hannun ya lanƙwashe, daidai yadda mutum ke yi in zai yanki lomar tuwo. Nan take aka samu likitoci bakwai a ɗakin. Hajja Batul ta ce iska ce, kuma ba sai an tambaye ta abin da take so ba, ga hannu nan ya nuna, abinci take nema. Ta aika aka kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa aka ajiye a gaban hannun. Wata ta kunna turare har ba ma ganin juna. Wata ta jiƙa jar kanwa, ta ce ai likita cewa ya yi gishirin jikinta ya yi ƙasa, ga gishirin da ya fi kowane. Ni Daktora na ruga na ɗauko gwangwani na buɗe, wake ya zube a tabarma.

Daga nan dariya ta ƙare. Numfashin Goggo ya fara fita da wata siririyar ƙara, kamar iska na bi ta ramin ƙofa. Ban taɓa manta wannan ƙarar ba. Mahaifina ya shigo daga kasuwa, ya sungume ta ya sa a raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ni da Hajja Batul muka cusa kanmu. A asibiti aka ɗaura mata allurar kalsiyum ta jijiya, a hankali a hankali, muna kallo yatsun suna saki ɗaya bayan ɗaya.

Da ta dawo hayyacinta likita ya ce, "Ya Hajja, kina shan maganin kuwa?"

Ta ce, "Muna sha, ɗana. Ba ma fashi."

"Ku wa?"

Sai ta fara lissafo masa sunaye, har da wadda ta zo daga Fau biki ta kwana biyu. Likita ya cire tabarau ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa. Hajja Batul ta ga fuska ta samu, ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce tunda an zo, ita ma kwana biyar ke nan ba ta zaga bayan gida ba. Ya tambaye ta guda nawa take taunawa a rana. Ta ce ya danganta da yadda Hauwa ta matsa. Ya ce mata wanda maƙwabtan wuyansa ke aiki ba ya bukatar wannan ƙwaya, in ya yawaita ta sai ciki ya ɗaure, wani ma ta tara masa tsakuwa a ƙoda. Abinci ya ishe shi: madara da nono, ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙashinsu, kuɓewa, zogale, riɗi, sai gyaɗa da wake saboda wani sinadarin da ake kira magnisiyum, wanda in babu shi 'yan ƙululun ba sa iya aika saƙonsu. Kanwa kuwa ya ce a bar ta a tukunyar miya, ba abin da ya haɗa ta da wannan ciwo sai ƙari.

Duk cikin jawabin, riɗi ne ya tsaya wa Goggo a rai. Ta ce shekara talatin tana yanka shi, tana ɗaure shi, tana kakkaɓe shi, tana kallon ana ɗura shi a buhu ana loda wa lori, ashe ƙashinta take loda wa mutanen wata ƙasa. Muna dawowa gida ta sa aka sayo riɗi mudu biyu ta yi kantu, da dabarar cewa in baƙi sun samu abin taunawa za su bar mata ƙwayarta. Baƙi suka cinye kantun, suka yaba, suka karkaɗe hannu, suka zuba wa gwangwani ido. Mahaifina ya ce to ta dinga shiga bayan labule ta tauna. Ta ce, "Ni ɓarauniya ce? A ɗakina, da haƙorana?"

Mafitar da aka samu ni ce. Ba wanda ya zauna ya tsara, haka kawai ta faru. Wata rana na ƙwace gwangwanin a gaban mata, na ɗaure fuska, na zaro ɗaya tak na ɗora mata a tafin hannu, na rufe na jefa a jakar makaranta. Sai Goggo ta dubi matan da fuskar wadda aka zalunta, ta ce, "Kun gani ko? Wallahi ni da na ba ku. Daktora ce. Ban san inda ta gado wannan rowa ba, mu dai a danginmu babu." Ta jefa ƙwayar a baki ta tauna, hankalinta kwance.

Shekara shida muka yi a haka. Aka gyara lokutan sha yadda zan kasance a gida, kuma ko yaushe aka gyara sai an samu baƙo, don ɗakin Goggo ba ya rabo da mutane. Kullum sau uku sai an zage ni a gaban jama'a. Na zama marowaciyar unguwa tun ban kai shekara goma sha shida ba, har yau akwai gidan da in na wuce ake cewa ga mai gwangwani nan. In baƙi sun watse kuwa sai ta tsamo tsokar da ta fi kowacce a miya ta tura gabana, ba ta kalle ni ba. Ba ta taɓa cewa ta gode ba, ni ma ban taɓa cewa na gane ba. Hannunta bai sake ƙullewa ba ko sau ɗaya. Zazzaɓin ƙarshen damina ne ya ɗauke ta, cikin kwana huɗu, ba ruwan wuya, ba ruwan kalsiyum. Ranar sadakar uku Hajja Batul, idonta jawur don kuka, ta ja ni gefe ta tambaye ni ko sauran ƙwayoyin suna cikin abin da za a raba gado.

Nakan zauna in yi tunanin me za ta ce da ta ga Gadarif ta yau. Yaƙi ya turo mutane daga Khartum da sauran garuruwa, kowane gida da baƙinsa, namu ma akwai iyali guda a ɗakin zaure. Na san da tana nan da ta ba su ɗakinta ta koma kwana a tsakar gida, tana faɗa da duk wanda ya ce ta yi yawa. Na san da ta tsine wa tsadar citta. Kuma na san abin da za ta ce da ta ga tabon da ke wuyana: "Daktora, duk abin da na mallaka ba ki ga na gado ba sai maƙoƙo?"

Don ni ma ya fito mini, kuma nawa bai jira na kai shekara sittin kafin ya dame ni ba. Wata guda ke nan da aka yi mini aiki. Likitata ta ce maƙwabtana ba a cire su ba, suna nan, firgita suka yi suka yi shiru. Wataƙila su farka cikin makonni, wataƙila watanni, wataƙila kuma su bi hanyar na Goggo. Kafin a sani, ga gwangwani, sau uku a rana, kada in yi fashin ko ɗaya. Ta fara yi mini bayanin abin da ke faruwa in an yi fashi, na ce ta huta, ni na san wannan karatun tun ina sanawi. Har da ɗan murmushina na manya.

Mahaifina ya tafi gona wajen Doka, kaka ba ta jiran kowa. Mata suka fara zuwa dubiya. Rana ta biyu da dawowata, lokacin sha ya yi, ɗaki cike. Cikinsu akwai tsohuwar da ke zaune a zaurenmu, wadda ta baro gidanta da kayan jikinta kawai, tana dafe da ƙugu tana kallon gwangwanin. Ba ta roƙa ba. Kallo kawai ta yi. Na ɗauki ƙwaya, hannu ya kai rabin hanya, sai na ji wata murya ta ce bismillah, itfaddalu. Na waiga in ga wace ce, ashe bakina ne. Ni da na yi shekara shida ina ɗaure fuska. A ranar na gane cewa hana abin wani ba wuya, ko yaro ya iya. Naka, a hannunka, a ɗakinka, mutum na kallo, wannan wani abu ne daban, kuma ban taɓa yi wa Goggo adalci a kansa ba.

Gwangwani ya zagaya kwana biyar. Da na ga ƙasansa na aika kantin magani, aka ce babu, sai kaya sun iso. Na fara raba ɗaya biyu, daga nan na yi kwana biyu ban tauna komai ba. Tururuwar ta zo leɓena ranar Laraba. Ranar Alhamis ina wanke kofin shayi yatsuna suka miƙe suka haɗu, babban ya shige tsakiya. Ban san na iya ihu irin wannan ba. Ba zafin ne ya firgita ni ba, kunne na kasa ina jiran in ji siririyar ƙarar nan a maƙogwarona. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce in daina haki, don saurin numfashi na tsoro yana ƙara ƙulle hannun. Wato in daina jin tsoro, in ba haka ba abin da nake tsoro zai ƙaru. Sai na koma jin tsoron tsoron. Da likita ta tambaye ni yadda aka yi, ban iya ƙarfin halin Goggo ba. Na sunkuyar da kai na ce mantawa na yi.

Aka samo mini wani gwangwanin da ƙyar, aka sallame ni. Labari ya riga ni isa gida, don haka masu dubiya suka ninka. La'asar ta yi, lokacin sha ya yi, mata tara a ɗaki. Na riƙe gwangwanin a cinya. Na san in na buɗe bakina zai ci amanata, in ban buɗe ba hannuna zai ci. Goggo tana da Daktora. Ni na duba ɗakin kaf, ban ga wanda zan ɗora wa ba.

Sai Hajja Batul, wadda yanzu sanda biyu take dogarawa, ta buga ɗaya a ƙasa. Ta ce, "Kafin yarinyar nan ta buɗe, akwai amanar da zan sauke. Hauwa ta bar mini wasiyya. Ta ce duk wadda ta ci ƙwayar Daktora, ko an ce mata bismillah, ko an haɗa ta da Allah, ita ba ta yafe ba."

Hannaye biyu da suka fara motsi suka koma cikin tob. Tsohuwar zaure ta ce, "Allah Ya jiƙan Hauwa," ita da ba ta taɓa ganinta ba. Sauran suka ce amin. Hajja Batul ta juyo ta harare ni ta ce, "Ke kuma me kike jira, ya bitti, ɗiyata? Tauna." Na tauna.

Da ɗaki ya watse na ce, "Hajja, Goggo ta rasu da shekara huɗu kafin a yanka wuyana. Ta ina ta san zan sha ƙwaya?"

Ta ce, "Da ta sani da ta faɗa. Ni na san Hauwa tun ba a haifi ubanki ba."

"Amma ƙarya a kan mamaci, Hajja?"

"Istigfarin nawa ne, ba naki ba. Na ci mata na kwana tara, na kusa kashe ta. Bari in biya da bakina."

Ranar Talata mai zuwa za a sake ɗibar jinina a ga ko 'yan ƙululun sun fara motsi. Ban san me za a gani ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na daina duba yatsuna ba. Amma in aka tambaye ni me ya rage na Goggo Hauwa bayan shekara huɗu, ba ɗaki ba ne, ba tukunyar jabana ba. Matar da ba ta taɓa iya hana kowa komai ba tana raye, yau ita ce mai hani a unguwarmu, kuma ba a samu wadda ta yi gardama ba, don duk wadda ke zaune a ɗakin nan ta taɓa cin wani abu daga hannunta, ko ta ji labarin wadda ta ci. Na tabbata da za a faɗa mata an yi rowa da sunanta, da sai ta yi kwana uku ba ta yi wa Hajja Batul magana ba. Abin kuma ya zama al'ada ba tare da kowa ya shirya ba. Sau uku a rana, da na buɗe gwangwani sai wata ta ce Allah Ya jiƙan Hauwa, ɗaki ya amsa. Ni bakina a cike yake a lokacin. Nawa amin ɗin yakan zo a makare, sai na haɗiye.